Gashin sankarar bakin mahaifa: tambayoyi da amsoshi kan abin da bincike ya gano

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar bakin mahaifa a jikin mata kimanin 660,000, ta kuma yi ajalin kimanin 350,000. A ƙasashenmu yawancin mata ba sa isa asibiti sai cutar ta wuce matakin tiyata, shi ya sa gashi ne babban maganinsu. Ga tambayoyin da marasa lafiya da masu jinya da ɗaliban kiwon lafiya suka fi yi a kansa.

Mene ne gashi, kuma ta yaya yake kashe sankara?

Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ƙarfinsa ya ninka na hoto nesa ba kusa ba. Idan ya ratsa ƙwayar halitta sai ya lalata mata sinadarin gado, ta kasa rabuwa ta hayayyafa. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na sankara iya gyara kansu, shi ya sa ake rarraba maganin kaɗan-kaɗan, kullum, kwana biyar a mako, domin nama mai lafiya ya samu sararin farfaɗowa tsakanin zama da zama.

Iri biyu ake haɗawa. Akwai gashin waje, inda inji ke harbo hasken zuwa mara da ƙugu, galibi ma'auni 45 na Gray, wato awon yawan hasken da jiki ya sha, a zama 25. Akwai kuma gashin ciki, wanda likitoci ke kira birakiterafi, inda ake shigar da ɗan ƙarfe mai fitar da hasken har cikin mahaifa.

Me ya sa ba za a cire mahaifar kawai a huta ba?

Ana cirewa, idan ƙarin ƙarami ne bai fita daga bakin mahaifa ba. A 1997 Fabio Landoni da abokan aikinsa a Italiya suka buga sakamakon gwajin mata 343 masu cutar a matakin farko-farko. Ƙuri'a ce ta raba su: wasu tiyata, wasu gashi. Bayan shekara biyar kashi 83 cikin 100 na kowane ɓangare suna raye. Bambancin a wahala ya fito. Kusan biyu bisa uku na waɗanda aka yi wa tiyata sai da aka bi su da gashi daga baya, kuma matsaloli masu tsanani sun kai kashi 28 a ɓangaren tiyata, kashi 12 a ɓangaren gashi. Daga nan likitoci suka ɗauki darasi: idan tun farko ana ganin tiyata ba za ta wadatar ba, kada a tara wa mace wuƙa da gashi, a tafi gashi kai tsaye.

An kuma gwada wata dabara, wato a fara ba da kemo, maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, ƙarin ya motse sannan a yi tiyata. Asibitin Tata Memorial da ke Mumbai ya gwada haka a kan mata 635, ya buga sakamakon a 2018. Waɗanda cutar ba ta dawo musu ba cikin shekara biyar sun kai kimanin kashi 77 a ɓangaren gashi da kemo, kashi 69 a ɓangaren tiyata.

Tun yaushe aka fara wannan magani?

Ya haura shekara 120. Wilhelm Röntgen ya gano hasken hoton ƙashi a 1895, Marie da Pierre Curie suka gano radiyam, sinadari mai fitar da irin wannan haske, a 1898. A 1903 wata likita a New York, Margaret Cleaves, ta saka radiyam a jikin wata mai sankarar bakin mahaifa. Cibiyoyi a Stockholm da Paris kowace ta fito da nata salon, sannan a 1938 Margaret Tod da W. J. Meredith na Manchester suka kawo tsarin da ya mamaye duniya: a auna maganin a wani gurbi da suka kira A, santimita biyu sama da bakin mahaifa, santimita biyu gefe. Har gobe asibitoci da dama da wannan gurbi suke lissafi.

Injin gashin waje mai amfani da kobal, wani ƙarfe mai fitar da hasken, a Kanada ya fara aiki a 1951. Mace ta farko da aka yi wa magani da shi a Saskatoon mai sankarar bakin mahaifa ce 'yar shekara 43, kuma ta rayu har shekara 90. A shekarun baya ma'aikata da hannu suke saka radiyam, suna kwasar hasken a jikinsu. Sai a wajen shekarun 1960 aka yaɗa dabarar fara saka bututu babu komai a ciki, sinadarin ya biyo baya. Yau inji ne ke tura shi, ma'aikata na wani ɗaki suna kallo ta talabijin.

Me ya sa ake haɗa gashi da kemo? Ɗaya bai isa ba?

A watan Fabrairun 1999 Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da sanarwar gaggawa ga likitoci, abin da ba kasafai take yi ba. Gwaje-gwaje biyar daban-daban sun nuna abu guda: ba da maganin kemo mai suna cisplatin a lokacin da ake gashi yana rage haɗarin mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Cikin ɗan lokaci tsarin ya sauya a duniya, aka koma ba da cisplatin sau ɗaya a mako, miligiram 40 ga kowace murabba'in mita na faɗin jiki, har mako biyar ko shida.

Wannan kemo ba irin mai yawan nan ba ne da ake bai wa wanda cutarsa ta bazu. Aikinsa ya raunana ƙwayoyin sankara ta yadda haske zai fi cin su. Cisplatin kaɗai a wannan ma'auni ma ba kasafai yake zubar da gashin kai ba. Ƙoda ce abin lura, don haka ake gwada jini kowane mako a kuma ƙara ruwa.

A 2008 aka tattara bayanan kowace mace daga gwaje-gwaje 13 aka sake lissafi. Ribar ta tabbata, amma ba ta kai yadda aka yi ta shela ba: masu kai shekara biyar sun tashi daga kashi 60 zuwa 66. Maki shida kenan, daga magani tsoho mai araha. Ba abin rainawa ba ne.

Waɗancan gwaje-gwaje biyar a Amurka aka yi. Sun shafi matanmu da cutar ta yi wa nisa?

An daɗe ana wannan muhawara, domin lissafin 2008 ya nuna ribar tana raguwa yayin da cutar ke nisa, har ta sauko kimanin maki uku a mataki na uku da na huɗu. Indiya ce ta warware ta. Shyam Shrivastava da tawagarsa a Tata Memorial sun gwada mata 850, dukkansu a mataki na 3B, wato cutar ta kai bangon ƙugu ko ta toshe hanyar fitsari daga ƙoda. Sakamakon 2018 ya nuna kashi 54 na waɗanda aka haɗa wa cisplatin sun kai shekara biyar, kashi 46 na masu gashi zalla. Wannan gwaji ya fi kusa da halin da likitocin Zariya ko Yamai ke gani a ɗakin duba marasa lafiya fiye da duk na Amurka.

An gama gashin waje, jini ya tsaya, ta samu sauƙi. Dole ne sai an yi na ciki?

Dole ne. Idan akwai abu guda da mai jinya zai riƙe daga wannan shafi, to wannan ne. Tsayawar jini ba warkewa ba ce. Gashin waje yana tsayawa a ma'auni 45 zuwa 50 ne saboda hanji da mafitsara ba za su jure fiye da haka ba, alhali kashe ƙarin yana bukatar jimillar da ta kai 85 ko sama. Cikon daga ciki kaɗai yake samuwa lafiya. Kamar garwashi ne a kasko: wanda ya matso yana jin zafi sosai, wanda ya ja baya taku biyu ɗumi kawai yake ji. Sinadarin yana zaune a tsakiyar ƙarin, ƙarfinsa kuma yana faɗuwa da sauri kafin ya isa mafitsara da dubura.

Amurkawa da kansu sun gwada barin sa, suka ga abin da ya biyo baya. Da sababbin injinan waje suka shigo, wasu asibitoci suka ɗauka za su maye gurbinsa. Binciken da Kathy Han ta jagoranta a 2013 ya nuna amfani da gashin ciki ya sauko daga kashi 83 a 1988 zuwa kashi 58 a 2009. Matan da aka yi wa, kashi 58 sun kai shekara huɗu. Waɗanda ba a yi wa ba, kashi 46.

A yau yawanci zama uku ne ko huɗu, bayan an ba da maganin kashe zafi ko allurar baya. Saka bututun da ɗaukar hoto da lissafi su ke cin lokaci, shi kansa hasken mintuna ne. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ɗauki nauyin gwaji a ƙasashe masu tasowa don ganin ko za a iya taƙaitawa zuwa zama biyu masu ma'auni 9, a rage layi. Zama huɗu masu ma'auni 7 sun fi daƙile cutar.

Wane ci gaba ne mafi girma a shekarun nan?

A ganina, sa ido a kan ƙarin kafin a harba masa haske. Gurbin A na Manchester ɗaya ne ga kowa, alhali ƙarin wata ƙarami ne, na wata ya karkata hagu, na wata kuma ya wuce gurbin gaba ɗaya. Sai mai ƙaramin ƙari ta sha fiye da kima, mai babba ta samu ƙasa da bukata. A 2005 da 2006 wani rukunin ƙwararru na Turai, GEC-ESTRO, ya fitar da ƙa'idojin ɗaukar hoton MRI alhali bututun yana cikin mahaifa, a zana iyakar abin da ya rage na ƙarin, a zana mafitsara da hanji, sannan kwamfuta ta tsara inda sinadarin zai tsaya da daƙiƙa nawa. Inda bututu bai kai ba, sai a ƙara siraran allurai, dabarar da Vienna da Utrecht suka yi fice a kai.

Binciken EMBRACE, ƙarƙashin Richard Pötter na Vienna da Kari Tanderup ta Aarhus da abokansu, ya bi mata 1,341 a cibiyoyi 24 na Turai da Asiya da Arewacin Amurka daga 2008 zuwa 2015. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna a kashi 92 cikin 100 cutar ba ta dawo bakin mahaifa ba cikin shekara biyar, har da masu manyan ƙari, kashi 74 kuma suna raye. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, a lura, kuma cibiyoyin gwanaye ne. Duk da haka ya sauya inda matsalar take: yanzu abin da ya fi kashe mata a irin waɗannan cibiyoyi shi ne ɓullar cutar a nesa, a kaluluwar ciki ko huhu.

Inda babu MRI, hoton CT ya fi lissafin gurbi ɗaya, kuma likitoci a Indiya da Ostareliya sun nuna na'urar sikanin ciki ta gama-gari tana taimakawa wajen tabbatar da bututu ya zauna daidai bai huda mahaifa ba.

Me ya sa likitoci ke matsawa a gama cikin mako takwas?

Saboda ƙwayoyin da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa yayin da magani ke tafiya. Bincike daga Toronto da wasu cibiyoyin Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna kowace ranar da aka ƙara bayan wa'adi tana rage damar daƙile cutar da rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin 100. Mako biyu na jinkiri, lissafin ya fito fili. Wa'adin kwana 56 ne daga zaman farko na waje zuwa na ƙarshe na ciki, masu EMBRACE ma ƙasa da 50 suke nema.

Wannan sakamako ba ya bukatar sabon inji, amma shi ya fi wuyar cikawa a wurinmu: inji ya lalace, wuta ta ɗauke, yajin aiki, kuɗi ya ƙare, ko a gama na waje a wani gari a shiga layin na ciki a wani. Tun kafin a fara, iyali su tambayi likita ina za a yi na ciki da kuma ranar da za a yi, su tanadi masauki da guzurin wata biyu. Biki ko rasuwa a gida ba dalilin tsallake mako ba ne, duk da nauyin da hakan ke da shi a al'adarmu.

Sababbin injinan waje fa, sun fi warkarwa?

Sun fi rage wahala. Salon IMRT yana lanƙwasa hasken ya kauce wa hanji. Gwajin PARCER da Supriya Chopra ta jagoranta a Indiya, kan mata 300 da aka yi wa gashi bayan tiyata, ya nuna matsalar hanji mai daɗewa ta sauko daga kashi 42 zuwa 21. Dawowar cutar kuwa bai bambanta ba. Mace da ta samu tsohon inji a kan lokaci, da cisplatin, da gashin ciki, ta fi wadda ta yi wata uku tana jiran sabo.

Ƙarin kemo kafin gashi ko bayansa yana da amfani?

Bayansa, a'a. Gwajin OUTBACK na Linda Mileshkin daga Ostareliya ya bai wa rabin mata 919 zagaye huɗu na magungunan kemo carboplatin da paclitaxel bayan sun gama. Masu kai shekara biyar kashi 72 da kashi 71, ba bambanci sai ƙarin wahala.

Kafinsa, labari ya sha bamban. Gwajin INTERLACE na Mary McCormack daga Landan ya ɗauki mata 500 a Birtaniya da Mekziko da Indiya da Italiya da Brazil. Rabinsu sun sha waɗannan magunguna biyu mako-mako har mako shida, sannan aka shiga gashi da cisplatin cikin kimanin kwana bakwai. Sakamakon 2024: kashi 80 sun kai shekara biyar, ɗaya ɓangaren kashi 72. Magungunan tsofaffi ne, ana samunsu kusan ko'ina, shi ya sa labarin ya karaɗe duniya.

Sai dai akwai tarko. Tsofaffin gwaje-gwajen kemo kafin gashi da suka bar tazara mai tsawo ba su amfanar ba, wasu ma sun cutar. Idan aka ba mace kemo don a cike lokacin jiran inji, sannan ta yi wata biyu ba a kira ta ba, wannan ba INTERLACE ba ne. Yana kuma rage jini, ga mata da yawa sun zo da ƙarancinsa tun farko.

Maganin tayar da garkuwar jiki da ake ta magana fa?

Gwajin KEYNOTE-A18 na Domenica Lorusso daga Italiya ya ƙara pembrolizumab a kan gashi da cisplatin ga mata 1,060 masu cutar da ta yi nisa. A shekara uku kashi 82.6 suna raye, ɗaya ɓangaren kashi 74.8. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2024 ga mataki na uku zuwa 4A, inda cutar ta shiga mafitsara ko dubura. Ana shan sa kusan shekara biyu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin galibin iyalai. Wani ɗan'uwansa, durvalumab, bai yi nasara ba a gwajin CALLA.

Ana jin zafi? Za ta iya kwana da 'ya'yanta? Haihuwa da zaman aure fa?

Lokacin da inji ke aiki ba a jin komai. Daga mako na biyu ko na uku gudawa, zafin fitsari da kasala kan biyo baya, yawanci su lafa makonni kaɗan bayan an gama. Hasken ba ya zama a jiki: da zarar an kashe inji ko an janye sinadarin, za ta iya goya jikanta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa. Ware mata ɗaki ko kwano zalunci ne kawai.

Haihuwa kam ta ƙare, al'ada ma za ta ɗauke, kuma ya kamata a faɗa wa mace da mijinta haka tun kafin a fara. Ga mai ƙananan shekaru ana iya ɗage ma'ajiyar ƙwai sama da inda haske zai bi, ko a ba ta maganin maye gurbin sinadaran mata. Gaba kan bushe ya tsuke, shi ya sa ake ba da abin buɗawa da man shafawa, ana kuma ƙarfafa komawa ga kwanciyar aure bayan an warke. Miji ba zai ɗauki sankara daga matarsa ba. Matsaloli masu tsanani na hanji ko mafitsara, har da yoyon fitsari, suna faruwa, amma a EMBRACE ba su kai kashi 10 cikin 100 ga kowace gaɓa ba.

Mai ɗauke da ƙanjamau ko mai ƙarancin jini za a iya yi mata?

Za a iya. Mata masu ƙanjamau sun ninka sauran sau shida wajen haɗarin kamuwa da wannan sankara, kuma bincike a Botswana ya nuna waɗanda ke shan maganinsu yadda ya kamata suna jure gashi da kemo, sakamakonsu yana kusa da na sauran. Ƙarancin jini yana tafiya da mummunan sakamako, don haka ake ƙarin jini. An gwada allurar ƙara jini ta erythropoietin a Amurka, aka dakatar da gwajin saboda daskarewar jini a jijiya.

Idan cutar ta riga ta bazu?

Gashi na 'yan kwanaki yana tsayar da zubar jini, ya rage ciwo da wari. Ba warkarwa ake nufi da shi ba, amma mace ta samu barci ta iya sallah cikin tsarki ba ƙaramin abu ba ne.

Ina ake yi a yankinmu?

A Najeriya, inda aka ƙiyasta sababbin masu cutar kimanin 12,000 da mace-mace kimanin 8,000 a 2020, akwai sassan gashi a asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas da Enugu da Benin. Nijar ta buɗe sashenta na farko a Yamai a 2021 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya, kuma ita da Chadi suna cikin ƙasashen farko na shirin Rays of Hope da hukumar ta ƙaddamar a 2022. A Ghana akwai Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi. Kasancewar sashe daban, aikin inji a wannan makon daban. A bincika kafin a hau mota.

Wani batu da ya shafe mu kai tsaye shi ne sinadarin gashin ciki. Iridiyam yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 74, sai an sauya shi duk bayan kimanin wata uku daga ƙasar waje, da duk wahalar kuɗin musaya da takardun shigo da kaya. Kobal kuwa sai bayan shekara biyar da 'yan watanni. Likitocin Ibadan suna cikin waɗanda suka buga sakamakon amfani da kobal a gashin ciki, suka nuna mata suna jure shi.

Idan aka nemi mace ta shiga gwaji, ta yarda?

Ta saurara, ta tambaya, ta shawarci iyalinta. Tana da haƙƙin ƙi ko janyewa ba tare da an rage mata kulawa ba. Waɗannan ƙa'idoji ba haka kawai suka samu ba. A 1951 an yi wa Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar Amurka, maganin radiyam a asibitin Johns Hopkins, aka ɗebi naman ƙarinta ba da saninta ba, kuma ƙwayoyin nata suna ɗakunan bincike har yau. Yanzu sai da rubutacciyar yarda da amincewar kwamitin ɗa'a. Abin da ake gwadawa a halin yanzu ya haɗa da taƙaita gashin waje daga zama 25 zuwa 15 ko 20, wanda in ya tabbata zai rage layi da kuɗin masauki.

Tunda ga rigakafi, ba za a daina bukatar gashi ba?

Ba nan kusa ba. Ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke haddasa kusan duk wannan sankara, nau'i na 16 da 18 kaɗai suna da alhakin kimanin kashi 70. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin a Oktoban 2023. Amma cutar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma matan da ke da shekara 35 ko 50 a yau ba su samu allurar ba. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamban 2020 ya ɗora buri uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a tantance kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka gano da cutar magani.